Layi uku da suka hana tsofaffin manhajoji ɓacewa

A ranar 1 ga Fabrairun 1988 wani saƙo ya fito a zauren comp.sources.unix na Usenet, tsarin musayar saƙonni da jami'o'i da kamfanonin kwamfuta ke amfani da shi tun kafin a san shafukan intanet. Kan saƙon ya fara da v13i001, sai sunan manhajar, Perl, sai alamar cewa wannan kashi na 1 ne cikin 10. A cikin saƙon kuma, kafin a shiga rubutun manhajar, an jera layi uku. Na farko ya ce Larry Wall ne ya aiko. Na biyu ya ce kundi na 13 ne, fitowa ta 1. Na uku shi ne sunan ajiya: perl/part01.

Perl ta yi suna daga baya, har ta zama ɗaya daga cikin harsunan da aka gina shafukan intanet na farko da su, kuma ana yawan ba da tarihinta. Layin nan uku kuwa ba wanda yake ba da tarihinsu, domin aikin akawu ne, kuma ba a yi wa akawu kirari. Amma duk wanda ya nemi Perl ta farko a yau zai same ta cikakkiya, kashi goma a jere, saboda wani ya zauna ya raɗa wa kowane kashi suna ta hanyar da baƙo zai gane. Wannan aiki ya cancanci a dube shi da kyau, musamman a zamanin da mutane suka saki jiki cewa injin bincike zai nemo musu komai.

Sai an san yadda Usenet ke aiki kafin a gane girman matsalar. Ɗalibai biyu na Jami'ar Duke a Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, su suka tsara shi a 1979, Steve Bellovin na Jami'ar North Carolina ya rubuta manhajar farko, aka buɗe shi a 1980. Ba shi da cibiya. Kwamfutar wata jami'a za ta buga wa maƙwabciyarta waya, galibi da dare lokacin da kuɗin kira ke sauƙi, su yi musayar sababbin saƙonni, ita ma maƙwabciyar ta miƙa wa na gaba. Saƙo kan yi kwanaki a hanya. Kashi na 7 yana iya riga na 3 isowa, na 5 kuma ya maƙale a wani wuri har abada. Wurin ajiya yana da tsada ƙwarai, don haka kowace kwamfuta tana goge tsofaffin saƙonni da kanta, sau da yawa bayan makonni biyu.

Ga kuma wani abu da ya ƙara dagula lissafi. Kowace kwamfuta tana ba saƙo lamba ne gwargwadon yadda ya iso mata. Saƙon da yake na 512 a Toronto yana iya zama na 498 a Amsterdam. Idan wani ya ce a duba saƙo na 512, bai faɗi komai ba ga wanda ke wani gari. Akwai wata lambar shaida da kowane saƙo ke ɗauke da ita, wadda ba ta canzawa ko'ina ya je, amma tarkacen lambobi ce haɗe da sunan kwamfutar da ta aiko, ba ta gaya wa mutum abin da ke ciki.

A cikin wannan yanayi mutane suka riƙa raba rubutun manhajoji, wato ainihin umarnin da mai shirya manhaja ya rubuta da hannunsa, wanda kowa zai iya karantawa ya gyara. Tun da wasu injuna kan datse saƙon da ya haura kilobait 64 ko kusa da haka, dole a yanka babbar manhaja gunduwa-gunduwa. Ana naɗe fayiloli da yawa cikin saƙo ɗaya ta wata dabara da ake kira shar, wadda idan aka ba kwamfuta saƙon sai ta warware fayilolin da kanta. Zauren farko na wannan harka, net.sources, ba shi da mai gadi. Kowa na iya zuba abin da ya ga dama da irin kan saƙon da ya ga dama. A nan Andries Brouwer ya saki wasan Hack daga Amsterdam a Disambar 1984. A nan kuma ake cika wuri da roƙo: wane ne ke da kashi kaza, nawa bai iso ba, a sake turowa. Kowane sake turowa kuɗin waya ne a kan ɗaruruwan cibiyoyin da ba su nema ba.

Maganin ya fito daga zauren da ke da mai gadi, mod.sources, wanda John Nelson ya fara kula da shi, Rich Salz ya karɓa a 1986. Da aka yi babban sauyin sunayen zauruka tsakanin 1986 da 1987, aka rushe tsofaffin rukunonin net da mod aka kafa comp da rec da sci da sauransu, sai ya koma comp.sources.unix. Mai gadi yana karɓar manhaja, ya duba ta, ya yanka ta, ya sa mata lamba da suna, sannan ya saka. Wasu zaurukan suka bi sahu: comp.sources.misc a hannun Brandon Allbery sannan Kent Landfield, comp.sources.games a hannun Bill Randle.

Dabarar kundi da fitowa ba sabuwa ba ce. Aro aka yi daga mujallu da jaridu, waɗanda suka daɗe suna sa wa kowace fitowa lamba domin mai tarawa ya san wadda ta kuɓuce masa. Amfaninta ke nan a nan ma. Wanda ya ga v13i004 sannan ya ga v13i006 ya san akwai giɓi, ya kuma san sunan giɓin. Zai nemi abu ɗaya tak daga ma'ajiya, maimakon ya tayar wa duniya hankali. Lambar kuma ɗaya ce a Toronto da Amsterdam, domin mai gadi ne ya sa ta tun daga tushe. Saƙonnin bayani da jerin abubuwan da ke cikin kundi an ba su alama daban, INF, don kada su gauraya da manhajoji.

Sunan ajiya shi ne ya fi ban sha'awa. Lambar fitowa tana faɗin lokacin da abu ya zo, sunan ajiya kuma yana faɗin inda za a ajiye shi. A perl/part01, abin da ke gaban sandar sunan jaka ne, abin da ke bayanta sunan fayil ne. Mutum na iya karanta shi ya fahimta, kwamfuta ma na iya karanta shi ta yi aiki da shi kai tsaye. Shi ya sa Kent Landfield ya iya rubuta wata manhaja mai suna rkive wadda ke bin saƙonni tana jera su a ma'ajiya ba tare da hannun mutum ba. Sakamakon haka, ma'ajiyar da ke UUNET a Amurka da wadda ke wata jami'a a Turai suka kasance da fasali iri ɗaya, ko da masu kula da su ba su taɓa magana da juna ba. Idan an yi gyara ga manhaja, facin yana shiga jakar uwarsa da sunan patch01, patch02, a jere. Manhajar liƙa facin ita ma Larry Wall ne ya rubuta ta, ya saka a mod.sources a 1985.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne wurin da aka sa layin. Ba a sa su can sama cikin bayanan da injuna ke amfani da su wajen kai saƙo ba. An sa su a farkon jikin saƙon. Wanda ya kwafi saƙon ya tura wa abokinsa ta wasiƙar imel, ko ya juye shi a faifai, ko ya buga shi a takarda, layin na tare da shi. Kamar bambancin rubuta sunan mai kaya a jikin buhu ne da rubuta shi a takardar direba. Direba na sauke kaya takarda ta tafi da shi.

Gajartar sunayen ma ba ado ba ne, dole ce. Tsohon tsarin Unix, har da System V na kamfanin AT&T, bai yarda sunan fayil ya wuce harafi 14 ba, domin gurbin da aka ware wa kowane fayil a cikin jaka bait 16 ne, biyu na lamba, 14 na suna. Idan an matse fayil don rage girmansa, ana ƙara masa .Z a ƙarshe, saura 12 ke nan. Kwamfutocin da ke amfani da MS-DOS sun fi haka ƙunci: harafi takwas, ɗigo, sai uku. Tun 1983 Unix na Jami'ar Berkeley ya yarda da suna mai harafi 255, kuma da yawa daga cikin masu rubuta manhajoji irinsa suke amfani da shi. Duk da haka aka tsaya kan gajeren suna. Masu babbar kwamfuta suka takura kansu saboda masu ƙaramar. Ba a yi wannan da doka ba, ba a kuma biya kowa ba.

Sai batun sifili. Me ya sa part01, ba part1 ba? Kwamfuta tana jera sunaye ne harafi bayan harafi, ba ta san ƙidaya ba. Idan aka bar mata part1 zuwa part12, za ta jera 1, 10, 11, 12, sannan 2. Wanda ya haɗa gunduwoyin a haka ya haɗa shirme. Sifili ɗaya a gaba ya kashe matsalar. Amma ya kashe ta ne zuwa 99 kawai, kuma ranar ta zo: a farkon 1993 wasan NetHack siga ta 3.1 ya fito a comp.sources.games cikin kashi 108. Waɗanda suka tsara gurbi biyu ba su zaci manhaja za ta kai haka ba. Kowane tsarin suna yana ɗauke da hasashen masu shi game da gobe, kuma gobe takan wuce hasashen.

Tsarin yana da sauran aibobi, kuma ɓoye su ba zai ƙara masa daraja ba. Lambar siga ba ta da ƙa'ida: wata manhaja an liƙa mata lambar a jikin suna, wata ba a liƙa ba, sai mai nema ya bi kundi-kundi kafin ya gane wadda ta fi sabunta. Kowane zaure yana da nasa kundin, don haka v13i001 ba ta da ma'ana sai an faɗi zauren. Mafi girma, komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya mai aikin sa kai. Idan aikin ofis ya yi masa yawa, manhajoji su yi watanni a layi. Masu ƙorafi a kan wannan suna da gaskiya, kuma ƙorafin nasu na cikin abin da ya raya alt.sources, zauren da ba shi da mai gadi a rukunin alt da John Gilmore da Brian Reid suka kafa a 1987. A can Guido van Rossum ya saki Python a Fabrairun 1991, cikin kashi 21. Wato ɗaya daga cikin harsunan da aka fi amfani da su a duniya yau ta ƙofar da ba mai gadi ta shigo.

Sai dai a lura da abin da ya faru a alt.sources ɗin. Ko a can, ana roƙon masu aikowa su sa layin sunan ajiya da kansu, domin ma'ajiyoyi su iya kama abin da suka aiko. An gudu daga mai gadi, ba a gudu daga sunan ba. Masu rubuta jerin tambayoyi da amsoshi na zauruka ma sun ɗauki layin, har ya zama sharaɗin shiga zauren news.answers, kuma da shi aka jera su a ma'ajiyar rtfm ta jami'ar MIT. Al'adar da mutane suka ɗauka don kansu bayan an cire musu tilas, alama ce tana biya musu buƙata.

A 1990 sunan ya ƙara tsada. Alan Emtage, ɗan Barbados da ke karatu a Jami'ar McGill ta Kanada, ya ƙirƙiro Archie, wanda ake ɗauka a matsayin injin bincike na farko a intanet. Archie ba ya karanta abin da ke cikin fayil. Yana tattara jerin sunayen fayilolin da ke ma'ajiyoyin duniya ne kawai, ya ba mutum damar bincika sunayen. Manhajar da aka ajiye da suna ɗaya a ko'ina, bincike ɗaya zai nuna duk inda take, mutum ya zaɓi mafi kusa. Wadda kowa ya sa mata sunan da ya ga dama, ko tana ma'ajiya hamsin, kamar babu ita.

Hausawa sun ce suna linzami, kuma a wannan harka mai ma'ajiya ne ke riƙe da shi. Linus Torvalds ya so kiran tsarinsa Freax. Ari Lemmke, wanda ke kula da ma'ajiyar ftp.funet.fi a Finlan, bai so sunan ba, sai ya buɗe jaka a 1991 ya rubuta mata linux. Sunan jakar ne ya bi duniya. Labarin yana da daɗi domin ya ƙare lafiya, amma yana nuna cewa raɗa suna iko ne, kuma iko yana iya kawo rigima.

Rigimar ta zo a Maris ɗin 2016, a ma'ajiyar npm ta masu rubutu da JavaScript. Wani mai shirya manhaja, Azer Koçulu, yana da ƙaramin aiki mai suna kik. Kamfanin manhajar aika saƙo ta Kik ya nemi sunan, masu ma'ajiyar suka ba kamfanin. Cikin fushi Koçulu ya janye duk ayyukansa sama da 250. A cikinsu akwai wani mai layi 11 kacal, left-pad, wanda dubban manhajoji suka dogara da shi, har da manya irin su Babel. Aiki ya tsaya cak a wurare da yawa na wasu sa'o'i, sai da masu ma'ajiyar suka maido da shi ba da izinin mai shi ba. Abin dariyar shi ne aikin left-pad ɗin: cike gurbi ta hagu, irin mayar da 1 ta zama 01. Abin lura kuma shi ne, a tsarin kundi irin wannan ba zai faru ba. Abin da ya shiga kundi na 13 ya shiga ke nan, ɗaruruwan ma'ajiyoyi sun kwafa, ba mai iya janye shi, kuma wani na iya amfani da suna iri ɗaya a kundi na 20 ba tare da ya ture na farko ba. Tsohon tsarin ya haɗa suna da lokaci. Sabon ya mayar da suna fili guda da ake faɗa a kansa.

Akwai hujja mai ƙarfi da ake kawowa cewa duk wannan ya zama tarihi. Tun 2005 tsarin Git yana ba kowane canji a manhaja tambari mai harafi 40 da ake lissafowa daga abin da ke ciki. Ba mutum ke raɗa shi ba, ba ya canzawa, kuma ko ɗigo aka taɓa tambarin zai bambanta. Gidauniyar Software Heritage, wadda cibiyar bincike ta Inria a Faransa ta ƙaddamar a 2016 don adana rubutun manhajojin duniya, a kan irin wannan tambari ta gina ma'ajiyarta. Wannan ci gaba ne na gaske. Sunan ajiya bai taɓa iya tabbatar da cewa ba a taɓa abin da ke cikin fayil ba, tambarin yana iyawa.

Amma tambarin yana amsa tambayar wanda ya riga ya san abin da yake nema. Wanda ya tsinci tsohon faifai cike da fayiloli masu sunaye na harafi 40 barkatai ba zai san wanne ne farko ba, wanne ne faci, wanne ne na wata manhajar daban, sai in yana da rumbun bayanan da ke fassara su, kuma rumbun yana hannun wani. Wanda ya tsinci volume13/perl/part01.Z ya san abu huɗu kafin ya buɗe: kundin, manhajar, matsayin gunduwar, da cewa a matse take. Bayanin yana jikin kayan.

Haka batun injin bincike. Yana nemo abin da yake nan ne, a wurin da aka bar shi ya shiga. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2024 ya nuna kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke intanet a 2013 ba a iya samun su bayan shekara goma. Google Code, inda dubban manhajoji suka zauna, an rufe shi a 2016. Bitbucket ya goge ma'ajiyoyin da ke kan tsarin Mercurial a 2020. A irin waɗannan lokuta masu ceto sukan kwashe abin da suka iya cikin gaggawa, kuma abin da ke da suna mai ma'ana shi ake iya mayarwa mazauninsa daga baya. Sauran yakan zama tulin da ba wanda ke da lokacin tonawa.

Masu karanta littattafan Hausa a waya sun san wannan matsala ko da ba su taɓa jin sunan Usenet ba. Marubutan da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook suna fama da abin da net.sources ya yi fama da shi: shafi na 23 ya riga na 22 isowa, wani ya ɓace, zaure ya cika da masu roƙon a taimaka musu da daga farko. Da yawansu sun gano maganin da kansu. Suna rubuta sunan littafi da sunan marubuci da lambar shafi a saman kowane saƙo, a cikin jikinsa, ta yadda duk inda aka tura shi zai tafi da shaidarsa. Dabarar Rich Salz ce sak, ba tare da sun aro daga gare shi ba. Inda abin ke lalacewa shi ne wajen fayil. Karatun tafsiri na Ramadan ko littafin da aka haɗa cikakke yakan sauka a waya da suna irin AUD-20240312-WA0007, wanda ranar da abin ya shigo wayar kawai yake faɗa, kuma wani suna daban zai ɗauka a wayar wani. Lambar saƙo ta 512 ce ta dawo da sabuwar riga. Bayan shekara biyar, mai waya da fayil ɗari uku irin wannan ba shi da hanyar sanin rana ta 09 daga rana ta 19 sai ya saurara ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zai saurara ba. Minti ɗaya na mai turawa, ya rubuta sunan malami da shekara da lambar rana mai sifili a gaba, ya fi awa goma na kowane mai karɓa.

Wannan lissafin shi ne zuciyar maganar, kuma shi ne dalilin da ya sa tsarin ke da wuyar ɗorewa ba tare da al'ada ba. Wahalar raɗa suna tana kan mutum ɗaya, yau. Amfanin yana zuwa ga mutane da yawa, gobe, waɗanda ba za su san wanda ya yi musu ba balle su gode. Mai turawa ya san abin da ke cikin fayil ɗinsa, don haka a wurinsa sunan ba shi da amfani. Masu gadin comp.sources sun ɗauki wannan wahala a madadin kowa na tsawon shekaru, kyauta, kuma an fi tunawa da jinkirinsu fiye da aikinsu.

Yadda sauran Usenet ya tsira ya isa a kwatanta. Saƙonnin shekarun farko sun rayu ne kusan bisa katari, saboda Henry Spencer na sashen nazarin dabbobi a Jami'ar Toronto ya riƙa juye su a faifan tef daga 1981 zuwa 1991, har faifai 141, saƙo kusan miliyan biyu. David Wiseman na Jami'ar Western Ontario ya kwashe su, aka sha wahalar karanta tsofaffin faifan, suka shiga ma'ajiyar Google a 2001, shekarar da kamfanin ya sayi taskar Deja News. Kwafin da aka ajiye a Internet Archive an sauke shi a 2020 bayan ƙorafe-ƙorafen shari'a. Jami'ar Duke, inda abin ya fara, ta kashe injinta na Usenet a 2010. A ranar 22 ga Fabrairun 2024 Google ya daina karɓar sababbin saƙonnin Usenet gaba ɗaya, ya bar tsofaffin a wurin da bincike a cikinsu ke da wuya.

Kundayen comp.sources ba su dogara da mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ba. Tun da fasalinsu ɗaya ne a ko'ina, kowace ma'ajiya na iya kwafar ɗaya daga wata ta kuma gane abin da ya rage mata. A farkon shekarun 1990 kamfanoni irin su Walnut Creek suka zuba su a faifan CD suna sayarwa, kuma gajerun sunayen gunduwoyin suka shiga ƙuncin tsarin faifan ba tare da an sake musu suna ba. Kamfanin UUNET ya narke cikin wasu kamfanoni, zaurukan sun yi shiru tun tuni, amma kundayen suna nan a ma'ajiyoyin jami'o'i da na masu sha'awar tarihin Unix, kundi na 1 zuwa sama, kowace jaka da gunduwoyinta a jere daga 01.